'Yar asalin Najeriyar da ta ɗauki kofin duniya na zari-ruga da Ingila: wace ce, kuma yarinyar Kaduna zata iya?

Wata Hajiya daga Tudun Wada ce ta turo tambaya. Tace 'yarta mai shekara 14 ta fara buga ƙwallon zari-ruga a makaranta, yanzu bata da zance sai na wata 'yar asalin Najeriya da ta ɗauki kofin duniya da Ingila, wai itama sai ta kai can. Hajiya na son sanin wace ce matar, ya akai ta kai wannan matsayin, sannan yarinya daga nan Kaduna zata iya ko dai zancen yara ne kawai.

Hajiya barka da war haka, Allah ya raya mana yarinya. Na buga wannan wasan da ƙuruciya, yanzu kuma yara nake koyarwa, dan haka zan faɗa miki abin da na sani ba tare da na ƙara gishiri ba.

Wadda 'yarki ke magana a kai Maggie Alphonsi ce, cikakken sunanta na farko Margaret. A Landan aka haife ta a watan Disambar 1983, mahaifiyarta 'yar Najeriya ce kuma ita kaɗai ta rene ta a wata unguwar talakawa da ake kira Edmonton a arewacin birnin. An haife ta da ƙafa ɗaya a lanƙwashe, irin wadda tafin ke juyawa ciki, sai da aka yi mata aiki tun tana ƙarama. Kinga yarinyar da ko tafiya daidai sai da likita ya sa hannu, ita ce daga baya ta zama wadda 'yan wasan duniya ke shakkar haɗuwa da ita a fili. A makaranta bata jin magana, ita da kanta ta sha faɗin haka, faɗa da rashin natsuwa har ana maganar korarta. Malamarsu ta motsa jiki, Liza Burgess, wadda a lokacin take bugawa ƙasar Wels kuma har kyaftin ta riƙe musu, ita ce ta ce mata ta je ta gwada ragbi, wato zari-ruga. Ta tura ta kulob ɗin Saracens, shekarunta kusan na 'yarki yanzu. A wannan kulob ɗin ta zauna har ta ajiye takalmi.

Ki riƙe wannan wajen da kyau Hajiya, dan zan dawo kansa: malama ɗaya da ta san wasan, da kulob da yake kusa da gida wanda ke da ƙungiyar 'yan mata da ke buga wasa duk sati. Abin da ta samu kenan tun farko, ba kuɗi ba.

Ta fara bugawa Ingila a 2003 tana shekara 19, a karawa da Amurka. Da farko a layin baya take, cikin masu gudu, daga baya aka mayar da ita gaba ta zama mai lamba 7, kuma anan ne tauraruwarta ta haska. Bari in ɗan yi miki bayanin lambar nan dan ki gane me yasa ake girmama ta haka. A wasan mutum 15 kowane ɓangare, 8 ne 'yan gaba masu ture-ture, 7 'yan baya masu gudu da ƙwallo. Mai lamba 7 tana cikin 'yan gaba amma a gefen sikiram take maƙalewa, wato wannan dunƙulewar da kike gani an haɗa kafaɗu ana turawa, kuma da zarar ƙwallo ta fito ita ce ta farko da zata saki ta bi mai ƙwallon. In an kayar da 'yar wasa dole ta saki ƙwallon a ƙasa, toh cikin wannan daƙiƙa ɗaya ko biyun kafin 'yan uwanta su zo su kare, mai lamba 7 zata sunkuya a kan ƙafafunta ta sure ƙwallon kamar shirwa da ɗan tsako, alhali ta san wasu ƙarti biyu na tahowa a guje zasu banke ta. Aiki ne na wahala wanda ba kasafai kyamara ke nuna shi ba, mai kallo na farko bazai ma lura dashi ba, amma koci ya san wasa a nan ake cinsa. Maggie ba doguwa bace, kuma wannan ya taimake ta, dan gajere mai ƙarfin ƙugu yana da wuyar turewa in ya kafa ƙafa. Yadda take kayar da mutum kuwa ba a magana, tana shiga ƙasa-ƙasa, kafaɗa a cinya, hannu ya naɗe, sai kiji filin ya ɗauki ihu. In zan nunawa yara yadda ake kayarwa ba tare da an ji ciwo ba har yau bidiyonta nake nema a YouTube.

Gaba ɗaya wasa 74 ta bugawa Ingila, ta dire ƙwallo a bayan layi sau 28, wanda ga 'yar gaba adadi ne babba. Kowace direwa maki 5 ce, in an buga ta tsakanin sanduna bayan haka a ƙara 2, fenariti kuma 3. Da ita Ingila ta ɗauki kofin ƙasashe shida na Turai sau bakwai a jere, daga 2006 zuwa 2012. Ƙasashen a yanzu sune Ingila, Faransa, Ailan, Sikotilan, Wels da Italiya. Amma wannan kofin kusan ya zame musu abin gida, wanda ya hana su barci shine na duniya, kuma duk labarin Maggie a kansa yake.

A 2006 aka yi gasar a Kanada, a wani birni da shima sunansa Edmonton, abin dariya, ta baro Edmonton ta tafi Edmonton. Suka kai wasan ƙarshe Niyu Zilan ta doke su 25 da 17. A shekarar hukumar ragbi ta duniya ta karrama ta a matsayin gwarzuwar mata, amma kofi dai babu. Sai 2010 a gidansu Ingila, aka sake haɗuwa da Niyu Zilan ɗin dai a ƙarshe, a filin Twickenham Stoop gaban mutum sama da dubu 13, wanda a lokacin ba a taɓa tara irinsa a wasan mata ba. Wannan wasan ni har yau in na kalla sai raina ya ɓaci. An bawa 'yan Niyu Zilan katin gargaɗi har uku, a ragbi kuma katin ruwan ɗorawa fita ne na minti 10, akwai lokacin da su 13 ne kacal a fili suna fuskantar 15, amma duk da haka Ingila ta kasa, aka tashi 13 da 10. A ganina ba ƙarfi suka rasa ba ranar, natsuwa ce, sun samu dama a hannu suka riƙa gaggawa. Wancan ne kofi na huɗu a jere da Niyu Zilan ta ɗauka, 1998, 2002, 2006, 2010. Duk da rashin nasarar a wannan gasar ce mutanen Ingila da basu damu da ragbin mata ba suka san sunan Maggie, jaridar Sunday Times ta zaɓe ta gwarzuwar 'yan wasa mata ta shekarar, a 2012 kuma aka bata lambar girma ta MBE.

Daga nan gwiwa ta sa ta a gaba. Ta fi shekara bata buga ba, an yi aiki, ana ta gashi da motsa jiki, mutane da yawa sun ɗauka ta gama. Mace ta doshi shekara 30, a gurbin da kullum cikin karo yake, ga yara masu tasowa suna neman rigar. Ta dawo kafin gasar duniya ta 2014 da aka yi a Faransa.

Gasar 2014 ta zo da abin da ba wanda ya zata. Ailan ta doke Niyu Zilan 17 da 14 tun a rukuni, abin da ya jawo masu riƙe da kofin basu ko kai kusa da ƙarshe ba. Ingila tayi canjaras 13 da 13 da Kanada a rukuni, ta lallasa Ailan 40 da 7 a kusa da ƙarshe, sai ta sake haɗuwa da Kanada ranar 17 ga Agusta a filin Jean-Bouin dake Faris. Maggie ce ta miƙa wa Danielle Waterman ƙwallon da ta dire ta farko, Emily Scarratt ta ci maki 16 ita kaɗai, aka tashi 21 da 9. Rabon Ingila da kofin tun 1994, shekara 20 cif. Wasu na cewa ai sa'a suka yi tunda basu haɗu da Niyu Zilan ba, ni ban yarda da wannan ba, wanda yake gabanka shi kake bugawa, kuma wannan Ingilar ta doke Niyu Zilan a wasannin da suka yi a ƙarshen 2011. Bayan kofin ta sanar da daina bugawa ƙasa. Ta ɗan gwada jifan dalma da burin zuwa Olamfik ta 2016 abin bai yi nisa ba, sai ta koma sharhi a talabijin, a gasar duniya ta maza ta 2015 ita ce tsohuwar 'yar wasa mace ta farko da ta zauna tana sharhin wasan maza a tashar ITV ta Birtaniya. A 2016 aka saka ta cikin jerin gwarazan tarihi na World Rugby, wato hukumar ragbi ta duniya, kuma a shekarar aka zaɓe ta cikin majalisar hukumar ragbi ta Ingila.

Toh yanzu ga abin da nake so ki faɗawa 'yarki, dan shi yara basa gani a hotunan Facebook. Duk waɗannan shekarun 11 matan nan ba albashin wasa suke ci ba. Kyaftin ɗinsu ta 2014, Katy McLean, malamar firamare ce. Marlie Packer aikin famfo take yi. Akwai likitar dabbobi a cikinsu. Suna tashi da asuba suyi atisaye su tafi aiki, da yamma su koma fili, hutun aikinsu na shekara a sansanin ƙasa yake ƙarewa, suka ɗauki kofin duniya suka koma bakin aikinsu. Sai bayan wannan nasarar aka fara baiwa wasu kwantiragi, shima na wasan mutum bakwai-bakwai saboda Olamfik, cikakken kwantiragi mai ɗorewa na wasan mutum 15 sai a 2019 Ingila ta kafa shi. Kuma Ingila kenan fa, wadda tafi kowa zuba kuɗi a ragbin mata. Kanada da ta kai wasan ƙarshe a 2025 sai da ta kafa asusun neman taimako wajen jama'a dan ta cike kuɗin shirin gasar. Dan haka duk wanda yace miki yarinya ta saki karatu ragbi zai ciyar da ita, ki sallame shi. Ita kanta Maggie ta yi digiri a fannin kimiyyar wasanni tana cikin bugawa.

Abin ya canja sosai kam, wannan gaskiya ne. Ingila ta sake faɗuwa a hannun Niyu Zilan a 2017, 41 da 32, da kuma a 2022 a filin Eden Park dake Niyu Zilan, 34 da 31, sannan ta ɗauka ranar 27 ga Satumbar 2025 da ta doke Kanada 33 da 13 a babban filin Twickenham gaban mutum 81,885. Ki kwatanta da dubu 13 na 2010. Wadda aka zaɓa gwarzuwar wasan ranar, Sadia Kabeya, baƙar fata ce 'yar Landan kuma lamba 7 take sawa, rigar Maggie.

Sai tambayarki ta ƙarshe, wadda ita ce mai nauyi. Ingila dai 'yarki bazata bugawa ba sai in tana da hanya, dan dokar World Rugby ta ce ƙasar da aka haife ka, ko aka haifi uwa ko uba ko ɗaya daga kakanni, ko wadda kayi shekara 5 a jere kana da rajistar wasa a cikinta ita kaɗai, ita zaka wakilta. Da wannan dokar Maggie na da damar bugawa Najeriya da ta so, haka Maro Itoje, ɗan asalin Najeriya da ya zama kyaftin ɗin mazan Ingila. To amma me zata zo ta tarar a lokacin? Wannan shine ciwon. Najeriya na da hukumar ragbi, tana da ƙungiyar ƙasa ta mata, kuma inda aka fi ganinsu shine wasan bakwai-bakwai, amma bata taɓa zuwa gasar duniya ta mata ba. A duk Afirka ƙasar Afirka ta Kudu ce kaɗai ke zuwa ta mutum 15, kuma sai a 2025 ta fara tsallake rukuni ta kai zagayen 'yan takwas. Kenya ta je Olamfik a 2016 da kuma ta Tokyo a bakwai-bakwai. Yuganda da Madagaska suma sun sha gabanmu.

Ba yara muka rasa ba wallahi. Ki je Murtala Square ko filin wasa na Ahmadu Bello ranar gasar makarantu ki ga 'yan mata masu gudu, ki ga masu ƙarfi da suka saba ɗaukar jarka da daka, akwai waɗanda in suka samu shekara uku a hannun koci nagari ba wadda zata raina su a Afirka. Wasanni muka rasa. Yarinya zata yi wata shida tana atisaye, a buga gasa ɗaya ta kwana biyu, shikenan sai baɗi in an samu mai ɗaukar nauyi. Takwararta a Landan ta buga wasa kusan duk sati a kakar. Shi kuma wannan sure ƙwallon da na faɗa miki, da sanin lokacin da zaki shiga da lokacin da zaki ƙyale kar alƙali ya hura miki fenariti, ba a koyonsa da baki ko da allo, sai an kayar da ke sau ɗari a wasan gaske. Na ga yara masu baiwa sun watse ba dan iyaye sun hana ba, sai dan babu ƙungiyar da zasu kara da ita, suka koma ƙwallon hannu ko guje-guje, wasu kuma aure ya zo aka rufe babin. Ragbin maza a Arewa yana da ɗan tushe, Kaduna da Zariya da Kano da Jos duk ana bugawa tun da daɗewa, na mata ne har yanzu yake rarrafe.

Dan haka amsata ita ce eh zata iya sa rigar Najeriya, wannan ba mafarki bane, hasalima saboda masu yi kaɗan ne yarinya mai gudu da juriya tana saurin fitowa fili a gan ta. Hanyar ita ce makaranta, sai ƙungiyar jiha, sai gasar wasanni ta ƙasa ko ta matasa inda masu zaɓe ke zuwa kallo, sai sansanin ƙasa. Bakwai-bakwai ya kamata ta fi mayar da hankali, minti 7 ne kowane rabi, gudu ne zalla, kuma tara mata 12 yafi sauƙi akan tara 23. Ɗaukar kofin duniya kuwa bazan yaudare ki ba, a yadda muke yanzu ba abin da zan sa mata rai bane, in dai ba karatu ya kai ta wata ƙasa ta shiga kulob a can ba.

Na san akwai abu biyu da baki rubuta ba amma duk uwa sai ta tambaye ni su. Na farko sutura. Dokar wasan ta yarda mace ta sa ɗankwali ko ƙaramin hijabi in dai ba mai fil ko abin da zai ji wa wani ciwo bane, ta yarda da dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin gajeren, kuma mata da mata suke bugawa. Akwai Zainab Alema a Ingila, Musulma 'yar asalin Ghana, wadda tayi aikin jinya kuma uwar yara, da hijabinta take bugawa har ta kai babbar gasar kulob ta ƙasar. Ko hakan ya wadatar a gidanku wannan ke da Alhaji ne zaku yanke, ba hurumina bane, nidai na faɗa miki abin da doka ta bari.

Na biyu rauni, kuma anan nafi tsanantawa. Wasan karo ne, ana jin ciwo, gwiwa da kafaɗa da idon sawu, ita kanta Maggie kin ji yadda gwiwa tayi mata. Wanda yafi bani tsoro shine buguwar kai. In yarinya ta bugu ta tashi tana jiri, ko ciwon kai, ko amai, ko ta rikice bata san inda take ba, a fitar da ita nan take kuma bata komawa ranar ko da tace ta warke, a kai ta asibiti, ta huta makonni sai likita ya yarda. Duk kocin da yace ta daure ta koma, ki cire 'yarki daga hannunsa ranar. Sannan filayenmu da rani, daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasa ta bushe ta ƙeƙashe, kayarwa a kai ganganci ne ga masu koyo, lokacin wasan taɓawa ya dace ayi, wanda in an taɓa ki da hannu biyu ko an cire ƙyallen ƙugunki kamar an kayar da ke ne, a bar kayarwa sai damina ko filin da ake bawa ruwa.

Ki daure kije makarantar da kanki ranar atisaye, ki zauna ki kalla. Ki tambayi kocin ko yana da takardar horarwa ta World Rugby ko da matakin farko ce, ki tambaya akwai malama mace da ke tare dasu a fili da kuma in za ayi tafiya, ki ga ko yana haɗa 'yar shekara 14 da 'yar 19 a karo, in yana yi kuskure ne babba. Ki saya mata robar kare haƙori, ana samu a shagunan kayan wasanni, a tsoma a ruwan zafi ta ciza ta ɗauki siffar bakinta, kar ta taɓa shiga karo babu ita. Sannan ki tambaye shi wasa nawa suka buga da wata makaranta a zangon da ya wuce, da kuma nawa ya shirya musu a wannan.